Gashin Bakin Tarwaɗar Inna Kulu

Aikina na farko sa ne, kuma ba wanda ya sa ni. Da gawayi na zana shi a bangon rumfar babana a Wurno, ina ɗan shekara goma sha wani abu. Babana mahauci ne, kakana mahauci, kakan kakana ma an ce har cikin barci wasa wuƙa yake yi. Da babana ya dawo daga masallaci ya ga zanen, sai ya tsaya ya daɗe yana kallo, hannu a ƙugu. Na gyara tsayuwa ina jiran yabo. Sai ya ce, "Wanga sa bai kai yanka ba, ƙashi na zalla. Goge shi kahin masu saye su gani." Ita ce suka ta farko da na sha a sana'a, kuma gaskiya ce. San ramamme ne.

Ku samarin da ke tsayawa bayana in ina aiki, kuna cewa ai wannan ko waya tana yi, da ku nake. Akwai shekarar da ni kaina na kusa yarda da ku. Saura ƙiris in ajiye burushi in hau babur, in zama ɗan kabu-kabu tsakanin Wurno da Marnona. Yadda aka yi ban hau ba shi ne labarin, amma bari in bi da ku ta hanya. Sunana Ummaru. In kun je tashar Goronyo kuka kira Ummaru kawai, mutum arba'in za su waiwayo har da jaki ɗaya, saboda haka ku ce Ummaru Fenta.

Wata tsohuwar motar itace ce abin da na fara taɓawa a wurin Baba Mudi na Rabah, wanda ya koya mini sana'ar. Na je masa gemu ya fara tsiro mini, na ɗauka ranar nan za a miƙo mini burushi in zana zaki. Sai ya miƙo mini samfefa da guntun ƙarfe, ya nuna mini bayan motar, ya ce in kankare tsohon fenti har katako ya fito fes. Kwana shida na yi a kai. Da na gama ya rufe ido ya shafa da tafin hannu, ya ce akwai saura a kusurwa. Shekara guda cur ban yi komai ba sai kankarewa da wankin burushi a kananzir. Motocin da na kankare, in aka jera su, za su kai daga Rabah har bakin teku.

Kayan aikin ba su da yawa. Gwangwani biyar ne: ja, shuɗi, ruwan ɗorawa, fari, baƙi. Duk launin da kuka taɓa gani a bayan mota daga cikin biyar ɗin nan ya fito, sai dai mai haɗawa ya san wanda zai fara zubawa. Akwai zare da alli: a shafe zaren da alli, a ɗaure bakinsa a ƙusa, a ja ya miƙe, a ɗaga tsakiya a saki, ya bar layi ɗoɗar. Akwai sanda mai ƙullin tsumma a kai, wadda ake dogara wuyan hannu a kanta don kada a taɓa ɗanyen fenti. Manyan burushi na kanti ne. Amma siririn, wanda ake jan ƙwayar ido da jelar harafi da shi, Baba Mudi da kansa yake ɗaurawa da gashin wutsiyar akuya, ya cusa a bututun gashin tsuntsu. Sai daga baya na gane abin da ya sa ya karɓe ni ba dogon bincike: ɗan mahauta ba ya rasa wutsiyar akuya.

Da sanyin safiya yake aiki, kafin rana ta sa fenti ya yi kauri a baki. Kuma ba ya barin mai yunwa ya ja masa layi. Kafin in taɓa burushi sai ya tambaya, "Ka karya?" In na ce a'a, sai ya ce, "Tahi ka sha hura, hannunka rawa shikai awa na mai zazzaɓi."

Zakin da na daɗe ina jira ya zo a shekara ta uku, a bayan motar wani direba mai ɗaukar albasa zuwa kudu. Na ce wa Baba Mudi ban taɓa ganin zaki ba. Ya ce shi ma haka, in je in kalli mussar gidansa in ƙara mata fushi. Na yini ina bin kyanwar nan har ta fara guduna. Da na gama zanen, a wajen Marnona jakai suka yi yajin aiki, ba wanda ke yarda ya bi bayan motar. Wata akuya ma an ce ta haihu kafin lokacinta. Wannan ni nake ba da shi haka. Abin da direban ya faɗa kuwa, ya zagaya ya duba ya ce, "Mussa ta, amma ta ƙoshi." Ya dai karɓi abinsa, kuma mussar nan ta je kudu ta dawo ya fi sau ɗari.

Masu ba da aiki iri-iri ne. Direba so yake a zuba masa duniya gaba ɗaya a bayan mota: zaki, dabino, jirgin sama, da addu'a a sama. Mai shayi ba ruwansa da kofi, tururin yake dubawa, in bai murɗe ba ya ce shayin ya huce. Dillalin albasa a Goronyo kuwa wuyan albasar yake fara kallo, in ya ga wuya da kauri ya ce ka zana masa wadda ba ta ajiyuwa. Na taɓa yi wa wani guda uku a ƙofar shago, wata biyu duk wanda ya gifta sai ya share hawaye. Fuskar mutum dai ba na zanawa. Baba Mudi bai zana ba, ni ma ban fara ba, kuma hakan ya tsare ni daga rigimar masu cewa na ƙara musu hanci. Rubutu kuma biyu ake yi, boko da ajami, don kowa ya karanta da wanda ya iya. Ga abin da ba ku sani ba: ba daga harafin farko ake farawa ba. Ƙirga haruffan za ka yi, ka dasa na tsakiya a tsakiyar allo, ka bi dama ka bi hagu. Wanda ya fara daga gefe shi ne za ka ga haruffansa na ƙarshe sun matsu kamar fasinjojin ranar kasuwa.

Shekara ashirin da wani abu na yi a haka, sannan injin buga hoto ya sauka Sakkwato. Mutum ya hau mota da safe, kafin la'asar ya dawo da ƙatuwar leda a naɗe, hoto da rubutu duk sun fito ƙal. Bana ake ce mata, kuma wanda ya raɗa sunan ya yi gaskiya: ta bana ce, ba ta kai baɗi. Amma wa ke tunanin baɗi? Mai shayi ya yi bana, mai aski ya yi bana, mai facin taya ya yi bana. Direbobi suka koma manna hotuna. Ni kuwa na zauna a rumfa ina gaisawa da masu wucewa. Jan fentina ya yi fata a gwangwani, fatar da za a iya ɗinka takalmi da ita. Na gwada noman albasa a fadama. Da na kai kasuwa, dillali ya ɗauki ɗaya ya juya ta ya tambaye ni ko tafarnuwa ce ta yi rashin lafiya.

Wan matata, Alhaji Sada, yana da babura yana ba mutane haya. Ya zo har gida ya zauna a kan tabarma, ya ce, "Ummaru, wanga abu ya ƙare. Na aje maka babur guda. In babbar salla ta zo ba ka samu aikin kirki ba, ka taho ka ɗauka, a bar wasa da gwangwani." Matata tana bakin ƙofa tana tankaɗe, sai rariyar ta tsaya. Na ce na yarda. Magana ce a gaban shaida, ba ta komawa.

Saura kwana goma sha biyu salla, aka aiko mini daga Goronyo cewa Inna Kulu tana nemana. Dattijuwa ce mai suyar kifi a bakin hanyar da ke zuwa dam. Mijinta masunci ne, ya rasu, ƙannensa ke kawo mata kifi daga ruwa kowace safiya. Na same ta a gaban kasko, a bayanta an rataye bana mai sunanta da hoton kifi.

"Kai na Hwenta?" in ji ta. "Dubi wanga abu da ɗana ya kawo min daga birni. Mi ka gani?"

Na ce, "Kihi na gani, Inna."

"Kihin ina?"

Na sake dubawa. Dogo ne siriri, fari ƙal kamar cokali, da zane-zanen shuɗi a gadon baya. Irin wanda ake kawowa a kwali ne, kifin ƙanƙara.

"Shekara talatin ina suya nan wurin," in ji ta, "ban taɓa sa kihin kwali ga kaskona ba. Yanzu mata na hwaɗin Kulu ta koma saida na ƙanƙara, ga shi har ta buga hotonai. Jiya wani ya tsaya da mota, ya dubi ledar ga, ya ce shi na dam shika so, ya ƙetara wurin Nasiru."

Ta nuna da matsami. Tsallaken titi akwai wata rumfar suya, ta wani magidanci mai suna Nasiru, shi ma ɗan gidan masunta ne. Yana zaune yana latsa waya, kunnensa yana wajenmu.

"Tarwaɗa nika so," in ji Inna Kulu, "ta ruwanmu, wadda in makaho ya shahwa zai ce ta Rima ta. Ɗan wane gida ne kai?"

Na faɗa mata. Ta ajiye matsamin.

"Ɗan Rundawa? Yau na shiga uku. Mahauci aka aiko ya zana min kihi?"

Rundawa su ne mahauta a bakin mutanenmu, kuma tsakaninmu da masunta akwai wasa tun kaka da kakanni. Su ce mu ƙudaje ne ke mana rakiya, mu ce su ƙarni ke musu sallama kafin su iso. Ba a fushi. Na ce mata, "Inna, mu da muka iya da sa mai ƙaho, mi za a yi da abin da ko ƙahwa bai da?" Ta ce za ta gani.

Na sayi allon katako, na goge shi, na shafa fari sau biyu, na shanya a inuwa don kada rana ta tayar masa da ƙuraje. Sannan na ce a ba ni tarwaɗa guda in riƙa dubawa. Ta sa matsami ta tsamo wata ƙatuwa daga cikin mai, ta yayyafa mata yaji ta miƙo mini a takarda. Ban ga laifin haka ba. Ni duk tarwaɗar da na sani a duniya a haka na san ta. Na kwantar da ita a kan benci, na fitar da siffarta da alli: faffaɗan kai, ƙananan idanu, doguwar ƙaya a gadon baya har wutsiya. Na ƙirga gashin bakinta da tsinke, dogaye biyu a gefe, huɗu a ƙarƙashin haɓa. Shida. Na rubuta a gefen allo. Zuwa azahar yunwa ta taso, kuma an hana ni jan layi da yunwa tun ina saurayi. Na cinye ta.

Tarwaɗa ba baƙa ba ce, ko da yake kowa haka yake cewa. In ka shafa baƙi zalla, gawayi ka zana. Sai ka karya baƙin da shuɗi, ka ɗiga tsanwa kaɗan, cikin kuma fari mai datti. Abin da ke sa ta zama jiƙaƙƙiya shi ne farin layi guda siriri a gadon baya, wanda ake ja da numfashi ɗaya. Kwana uku na yi. Ranar kasuwa da safe muka sauke ledar muka kafa allon.

Mutane suka taru. Wani ya ce motsi take yi. Wata mage ta zo ta zauna a ƙarƙashi ta ƙi tashi, wannan kam da shaidu. Inna Kulu ba ta yaba ba, amma ta ƙara mini kifi ba tare da na roƙa ba. Nasiru ya ƙetaro, ya ce, "Sannu da aiki, Malam Ummaru," ya ɗaga waya ya ɗauki hoton allon, ya koma. Jim kaɗan na ga ya bar wa ƙaninsa kasko ya hau motar Sakkwato. Ban kawo komai a raina ba.

Bayan la'asar masunta suka hauro daga ruwa. A gabansu akwai Kawu Isa, ƙanin mijin Inna Kulu, wani dogon tsoho wanda ruwa ya cinye wa farcen ƙafa. Ya tsaya gaban allon, ya matsa kusa, ya ɗaga yatsa yana taɓa iska. Ɗaya, biyu, uku. Ya kai shida ya tsaya. Ya sake farawa.

"Wa ya yi wanga aiki?"

Na ce ni ne, ina murmushi.

"Kulu, wane kihi na wanga?"

"Tarwaɗa mana. Idonka ya mutu?"

"Jiki dai na tarwaɗa na. Gashin baki na kurungu na." Ya juya ga mutanensa. "Ku taho ku ga abin da Rundawa sunka haihwa muna. Uwa tarwaɗa, uba kurungu!"

Kurungu wani kifi ne mai ƙaya, gajere, shi ke da gashin baki shida. Tarwaɗa takwas gare ta. Akwai wasu ƙanana biyu a saman hanci, kuma su ne farkon abin da mai ke ƙonewa in an jefa ta a kasko. Wannan duk yaron da aka haifa a bakin Rima ya sani. Ni ban sani ba, don ban taɓa haɗuwa da tarwaɗa tana da rai ba.

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta a Lahodu. Wani ya ce a tambaye ni ko saniya ƙafa nawa gare ta. Wani ya ce a yi mini uzuri, wanzami ne ya fara yi mata gyaran fuska. Inna Kulu ba ta yi dariya ba. Ta matso ta dubi allon, ta dube ni.

"Jiya ana ce min mai kihin kwali, gobe a ce matar masunci ba ta san tarwaɗa ba. Sauke shi, Ummaru. Gara in zauna babu komi."

Saura kwana takwas salla. In allon nan ya sauka a gaban kasuwa guda, ba mai sake kirana ko da rubutun lambar gida, sai babur ɗin Alhaji Sada. Na ce, "Inna, bar shi inda shike. Kawu, a kawo min mai rai."

"Ka cinye ta ɗanya?" in ji Kawu Isa.

"A kawo dai."

Aka kawo ta a cikin baho, baƙa wuluk, tana bugun ruwa. Kawu Isa ya tsuguna ya kama ta ta bayan kai yadda ƙayar ba za ta soke shi ba, ya ɗago ta daidai fuskata. Ga su nan kuwa, biyu, tsaye a saman hanci kamar suna gaishe ni. Ta yi wani juyi ta watsa mini ruwa a ido, aka sake fashewa da dariya, aka ce ta gane ɗan mahauta.

Ku da kuke cewa abu ne mai sauƙi, ga inda yake. Fentin fuskar kwanansa ɗaya, ya bushe a sama, bai bushe a ciki ba. In na ja layi ya karkace, ba damar gogewa, don kananzir zai kwashe har da idon kifin. Kowane gashi ja ɗaya ne, daga kauri zuwa siriri, kuma a ɗaga burushin yana cikin tafiya. Ga mutum sun fi hamsin a bayana, rabinsu addu'a suke in kuskure. Na haɗa launin a murfin gwangwani, na gwada a bayan hannuna, na kafa sanda, na dogara. Na ja na hagu. Na sake duban kifin, na ja na dama.

Kawu Isa ya matso da kifin a hannu, yana duban allo yana dubanta.

"Na dama ya hi tsawo," in ji shi.

Na ce, "Dubi taka."

Ya juyo da kanta. Na hagun ya gutsure a baki, wataƙila wajen fitar da ita daga raga. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya mayar da ita cikin baho ya goge hannu a riga.

"Kulu, bar allonki. Wagga tarwaɗa tawa ta, ni na kamo ta da sahe." Ya dube ni sama da ƙasa. "Ɗan Rundawa, kana rubutu ga jirgi? Sunan da ke ga nawa ya goge. Amma ka sani, harahi guda ya ɓace, ruwa za ni jehwa ka."

Aiki ɗaya ke nan, kuma jirgi ɗaya ba ya hana mutum hawa babur. Abin da ya ƙarasa zancen Nasiru ne ya kawo shi da kansa.

Kwana biyu bayan haka ya rataya sabuwar bana a rumfarsa, ta ninka allon Inna Kulu biyu. Tarwaɗata ce a jiki, ita ce dai, har farin layin gadon baya, an goge sunan Inna an sa nasa da manyan haruffa. Sai dai da safe ya ɗauki hoton, gyara kuwa da la'asar aka yi. Masunta suka riƙa ƙetara titi takanas don su ƙirga. Su ƙirga ta Inna takwas, su ƙetara su ƙirga tasa shida, su tambaye shi lafiyar kurungu. Ni ɗan mahauta ne, an yafe mini. Shi kuwa ubansa a cikin jirgi ya tsufa. Kafin azahar ya zama Nasiru Kurungu, kuma har yau in ba ka faɗi haka ba ba a gane wanda kake nufi.

Washegari da safe ya same ni a bakin ruwa ina kankare jirgin Kawu Isa. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ban haifa ba. Sannan ya ce, "Malam Ummaru, don Allah biyun nan za ka ƙara min."

Na ce, "Kai da ka ɗauki kihina ba sallama?"

"Kuskure na, Malam."

"Hwenti ba ya zama ga leda. Ka koma wurin injin ya ƙara maka."

"Na koma. Sun ce su abin da ke ga hoto shi suka bugawa."

Ya nace, na je na ja masa biyu. Kwana biyu rana ta dake su, suka ɓare kamar ɓawon albasa suka faɗo. Masunta suka ce tarwaɗar Nasiru ta yi askin salla.

To, wannan shi ne bambancin, kuma ba sai na yi muku wa'azi ba. Wanda ya sayi aikin hannu ya sayi abin da babu irinsa a tsallaken titi, in ma an kwafa, kwafin a jiya yake tsaye. Kuma ya san inda mai aikin yake zaune. Zai iya zuwa ya zage shi, ya kawo masa kifi a baho, ya tsaya a kansa har a gyara. Allon Inna Kulu yana nan inda muka kafa shi. Sau biyu na sabunta masa fari a gefe, ban taɓa fuskar ba. Wani mai mota daga birni ya taɓa neman ta sayar masa da shi ya kai falonsa, ta ce kifin kasko ne na sayarwa.

Ana jajibirin salla Nasiru ya dawo, allon katako a ka, bokiti a hannu da tarwaɗa tana motsi a ciki. Ya ajiye ya ce nasa yake so, kada ya yi kama da na kowa. Na ce ya bi layi, don a lokacin jirage huɗu ne a kife a bakin ruwa suna jirana. Masunta haka suke, in ɗaya ya yi wa jirginsa ado, sauran ba sa iya barci.

Ina durƙushe a gindin jirgi na biyu, sai na ji ƙarar babur ta tsaya a kaina. Alhaji Sada ne, ya je gida aka ce masa ina Goronyo, ya biyo ni da babur ɗin da kansa, sabo, ko ledar sirdi ba a cire ba. Ya sauka ya dubi jiragen, ya dubi Nasiru da ke zaune a kan allonsa yana gadin bokiti, ya dubi fentin da ke gemuna.

"Ummaru, gobe salla."

"Na sani, Alhaji. Allah shi maimaita muna."

"Ga babur."

"Na gan shi. Kyakkyawa na. Sai dai ka ga mutanen ga, in na tashi ruwa za su jehwa ni."

Kawu Isa, da ke gyaran raga a gefe, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Da shi da babur ɗin."

Alhaji Sada ya kaɗa makulli a yatsa. Ya zagaya jirgin da na gama, ya karanta rubutun boko, ya karanta na ajami, ya sa yatsa zai taɓa na ce ɗanye ne. Ya koma wajen babur ɗinsa ya tsaya yana duban farin ƙarfen da ke bayan sirdi.

"To, tunda ba ka hawa," in ji shi, "yi min wani abu nan baya, don a san nawa na."

Na ce, "Bayan Nasiru kake. Mi za a zana?"

Ya dubi bokitin, ya dubi Kawu Isa.

"Komi," in ji shi. "Ban da kihi."